Shari'ar Harvard: Yadda Kotun Ƙolin Amurka Ta Hana Duba Launin Fata Wajen Ɗaukar Ɗalibai

Duk shekara idan hunturu ya kama a garin Cambridge na jihar Massachusetts, ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai na Jami'ar Harvard sukan duƙufa a kan takardun matasa masu neman gurbi. A shekarar da ta gabaci hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da za mu yi magana a kansa, mutum fiye da 60,000 ne suka nema, waɗanda aka ɗauka kuwa ba su cika 2,000 ba. Kowace takarda akwai wanda ke fara karanta ta, ya ba ta maki daga 1 zuwa 6, inda 1 ya fi kowanne daraja. Yakan ba da maki kan karatu, da ayyukan da yaro ke yi bayan aji, da wasannin motsa jiki, da shaidar da malamansa suka yi masa, sai kuma wani gurbi da suke kira na hali: kirki, jarumtaka, farin jini, riƙon amana da makamantansu. Daga nan takarda ta wuce ƙaramin kwamiti na yankin da yaron ya fito, sannan babban kwamiti mai mutum 40 ya yi ƙuri'a. Idan sunayen suka yi yawa, sai a zo matakin ƙarshe na zaftarewa. Kafin hukuncin, a jerin sunayen da ake dubawa a wannan mataki, abu huɗu kawai ake rubutawa a gaban kowane suna: ko iyayensa tsofaffin ɗaliban jami'ar ne, ko ɗan wasa ne da ake zawarci, ko yana buƙatar tallafin kuɗin makaranta, da kuma launin fatarsa.

Mutanen waje ba su san wannan tsari dalla-dalla ba sai da shari'a ta tilasta wa Harvard ta buɗe akwatunanta. Shi ya sa wannan shari'a ta cancanci a zauna a yi mata karatun ta-natsu.

Asalin maganar tsohuwa ce. Amurka ta yi shekara fiye da 200 tana bautar da baƙaƙe, bayan an 'yanta su a 1865 kuma jihohin kudu suka shimfiɗa dokokin wariya da suka kai har shekarun 1960. Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda aka haɗa ƙararta da ta Harvard, ba ta karɓi baƙi ko ɗaya a karatun digirin farko ba sai 1955, shi ma da umarnin kotu. A watan Yunin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya a Jami'ar Howard ya ce ba a ɗaukar mutumin da ya shekara da shekaru a cikin mari, a kwance shi, a kai shi bakin layin tsere a ce masa ya gwada da kowa, sannan a ɗauka an yi adalci. A kan wannan tunani jami'o'i suka fara ba baƙaƙe da sauran tsiraru wani ɗan fifiko wajen ba da gurbi.

Tun farko abin ya sha ƙara. A 1974 wani farar fata, Allan Bakke, ya kai makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis kotu, saboda ta ware kujera 16 cikin 100 ga tsiraru. A 1978 Kotun Ƙoli ta ce ware adadi haramun ne, amma Mai Shari'a Lewis Powell ya bar wata kafa: jami'a tana iya sa launin fata a cikin abubuwa da yawa da take aunawa, domin ta tara ɗalibai iri-iri a aji guda. Misalin da ya kawo na yadda ake yin abin daidai shi ne tsarin Harvard. A lura da sauyin da ya faru a nan, domin shi ya zo ya ci tsarin daga baya. Johnson maganar biyan bashin zalunci yake yi. Powell kuwa ya mayar da hujjar ta zama amfanin da aji ke samu idan an cakuɗa mutane. A 2003 kotun ta sake tabbatar da wannan a shari'ar makarantar lauyoyi ta Jami'ar Michigan, amma Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa suna sa ran nan da shekara 25 ba za a ƙara buƙatar irin wannan fifiko ba.

Mutumin da bai yarda a jira shekara 25 ɗin ba shi ne Edward Blum. Ba lauya ba ne, tsohon dillalin hannun jari ne, amma ya gwanance wajen nemo masu ƙara da masu biyan kuɗin lauyoyi. Shi ya tsaya wa Abigail Fisher, wata farar fata da ta kai Jami'ar Texas kotu, ta sha kaye a 2016. Tun kafin a ƙare wannan ya riga ya canja dabara. A 2014 ya kafa ƙungiyar Students for Fair Admissions, wato ɗalibai masu neman adalci wajen ba da gurbi, a watan Nuwamban shekarar kuma ya shigar da ƙara a kan Harvard da Jami'ar Karolina ta Arewa. A wannan karon waɗanda aka ce an zalunta 'yan asalin Asiya ne, 'ya'yan Sinawa da Indiyawa da Koriyawa da sauransu, su ma tsiraru, su ma da nasu tabon, tun daga dokar 1882 da ta hana Sinawa shiga ƙasar. Harvard ba ta gwamnati ba ce, amma tana karɓar kuɗin tarayya, don haka dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariyar launin fata, ta hau kanta.

An zauna shari'ar a Boston a watan Oktoban 2018, gaban Mai Shari'a Allison Burroughs, aka yi mako uku ana fafatawa. An miƙa wa masana bayanan masu nema fiye da 160,000 na shekara shida. Abin da ya fara fitowa ya girgiza mutane da yawa, har da masu goyon bayan Harvard. A karatu, 'yan Asiya sun fi kowace ƙungiya maki. A ayyukan bayan aji ma suna gaba-gaba. Amma a gurbin hali su ne a ƙasa. Tsofaffin ɗaliban da suke zama da yaran ido da ido su yi musu tambayoyi, makin da suke ba 'yan Asiya bai yi nisa da na farare ba. Ma'aikatan ofis, waɗanda akasari takarda kawai suke gani, su ne suke ba su ƙasa. Ni dai na kasa samun hanyar da zan karanta wannan raina bai ɓaci ba. A ce dubban yara, daga gidaje da harsuna da addinai daban-daban, shekara bayan shekara, duk an same su da ƙarancin kirki da jarumtaka idan aka kwatanta da sauran?

Ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. Wani bincike da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta kammala a 1990 ya tarar masu karanta takardu suna yawan kwatanta 'yan Asiya da shiru-shiru, masu kunya, masu son lissafi da kimiyya, masu ƙwazon aiki. Binciken ya wanke Harvard daga laifin wariya, ya ce giɓin ya samo asali ne daga fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasa, waɗanda yawancinsu farare ne. A 2013 ofishin bincike na jami'ar kanta ya yi wani nazari da ya nuna alamar cewa tsarin yana rage wa 'yan Asiya dama, aka ce nazarin bai kammala ba, aka ajiye shi. Masu ƙara sun kuma tono tarihin shekarun 1920, lokacin da shugaban jami'ar, Abbott Lawrence Lowell, ya ga Yahudawa sun haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai, ya nemi a tsayar da su a kashi 15. Da aka ƙi yarda da adadi a fili, sai aka shigo da auna hali da asali, yawansu kuma ya sauka.

Akwai wata rana a shari'ar da ta tsaya wa mutane a rai. Shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai, William Fitzsimmons, wanda ke kan kujerar tun 1986, yana bayani a kan wasiƙun da suke aika wa yaran sakandare masu ƙoƙari don su kwaɗaita musu nema. A wasu jihohi 20 da ba kasafai ake samun masu nema daga can ba, irin su Montana da Nebraska, yaro farar fata yakan samu wasiƙa idan ya ci 1310 a jarrabawar gwaji. Ɗan Asiya a aji guda da shi sai ya kai 1380, 'yar Asiya kuma 1350. Lauyan masu ƙara ya ce masa wannan wariya ce ƙarara. Fitzsimmons ya ce ba haka ba ne, suna neman isa ne ga yaran da ba za su taɓa tunanin Harvard ba.

Harvard tana da nata amsar, kuma ba ta banza ba ce. Ta ce a shekara guda masu nema fiye da 8,000 sun zo da sakamakon sakandare da babu ko ɗigon aibu, wato ko da karatu kaɗai za a duba, kujerun ba za su isa ba. Ta kawo David Card na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021. Masu ƙara kuma suka kawo Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke. Bayanai iri ɗaya suka duba, suka fito da amsa biyu. Arcidiacono ya cire makin hali daga lissafinsa, domin a ganinsa shi ne wurin da cutar take, ya kuma cire shafaffu da mai, wato masu neman da ake ba fifiko na musamman, sai ya ga ana tauye 'yan Asiya. Card ya bar su duka a ciki, ya ce ai haka ake yin zaɓen a zahiri, sai tauyewar ta ɓace. A ƙarshen Satumban 2019 Burroughs ta ba Harvard gaskiya. Ta ce tsarin ba cikakke ba ne, ta amince cewa akwai giɓi a makin hali wanda ba a iya bayyana shi gaba ɗaya ba, mai yiwuwa daga shaidar malaman sakandare yake, mai yiwuwa da ɗan son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba, amma ba ta ga niyyar wariya ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta a Nuwamban 2020.

Su wane ne shafaffu da man nan? Kashi huɗu ne: 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan malamai da ma'aikatan jami'ar, da waɗanda ke cikin wani jerin musamman na shugaban ofis, inda ake samun 'ya'yan masu ba da gudummawar kuɗi. A shekarun da aka duba a shari'ar, ɗan tsohon ɗalibi yana da damar shiga kusan kashi 33 cikin 100, alhali gama-garin mai nema yana wajen kashi 6. Arcidiacono da abokan aikinsa biyu sun lissafa daga baya cewa kashi 43 cikin 100 na fararen da aka ɗauka ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi huɗu suka shiga, kuma kusan uku cikin huɗunsu da ba su samu gurbi ba in ba don haka ba. A tsakanin baƙaƙe da 'yan Asiya da 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda suka shiga ta nan ba su kai kashi 16 ba. An karanta wa kotu wani saƙon imel na 2013 inda shugaban ɗaya daga cikin tsangayoyin jami'ar yake yi wa Fitzsimmons godiya kan wasu da aka ɗauka, yana ambaton cewa an riga an yi alkawarin gina wani gini.

Kotun Ƙoli ta saurari ɓangarorin ranar 31 ga Oktoban 2022. Lauyan Harvard, Seth Waxman, ya ce launin fata yakan zama abin da ya rinjayar da ma'auni ga wasu ƙwararrun yara, kamar yadda iya busa obo, wani abin busa mai kama da algaita, zai iya rinjayarwa a shekarar da ƙungiyar makaɗan jami'a take neman mabushi. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya katse shi, ya ce ba a kan mabusa algaita suka yi yaƙin basasa ba, sun yi shi ne don kawar da wariyar launin fata. Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson, baƙar mace ta farko a kotun, ta janye daga ƙarar Harvard saboda ta taɓa zama a ɗaya daga cikin majalisun gudanarwar jami'ar, amma a ta Karolina ta kawo misalin yara biyu. Ɗaya zai rubuta cewa kakanninsa sun yi karatu a jami'ar tun zuriya da dama, yana so ya ɗora. Ɗayan zai rubuta cewa kakanninsa ma a jihar suke tun kafin yaƙin basasa, amma bayi ne, kuma doka ta hana su shiga. Ta tambaya ko za a saurari tarihin gidan na farko a toshe kunne ga na biyu.

Hukunci ya fito ranar 29 ga Yunin 2023, alƙalai 6 da 2 a ƙarar Harvard, 6 da 3 a ta Karolina. Roberts ya rubuta cewa kawar da wariyar launin fata yana nufin kawar da ita duka. Ya ce manufofin da jami'o'in suka lissafa, irin su horar da shugabannin gobe, ba abin da kotu za ta iya aunawa ba ne. Cewa rukunonin da ake zuba mutane a ciki ba su da kan gado, tunda an haɗa ɗan Koriya da ɗan Indiya a kwando ɗaya. Cewa kujeru ƙididdigaggu ne, don haka abin da aka ƙara wa wani an rage wa wani ne. Kuma tsarin ba shi da ranar ƙarewa. An kuma kawo wata ƙididdiga daga takardun masu ƙara: idan aka raba masu nema gida 10 bisa ƙarfin karatu, baƙin da ke gida na huɗu daga ƙasa yana da damar kashi 12.8, ɗan Asiya da ke gidan ƙoli kuma 12.7. Clarence Thomas, baƙi ɗaya tilo a cikin masu rinjaye, wanda ya daɗe yana cewa irin wannan fifiko yana shafa wa baƙaƙe tambarin rauni, ya karanta nasa ra'ayin da bakinsa a zauren. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, ɗaya daga cikin waɗanda ba su yarda da hukuncin ba, ta ce kotun ta mayar da hannun agogo baya shekaru masu yawa. Jackson ta rubuta cewa don doka ta ce launin fata ba komai ba ne, hakan bai sa ya zama ba komai ba a rayuwa. A wani ɗan rubutu na ƙasan shafi kuma, masu rinjaye suka ce hukuncin bai shafi makarantun horar da hafsoshin soja ba.

Ra'ayina shi ne an bar jaki an daki taiki. Kukan iyayen 'yan Asiya na gaskiya ne, kuma wanda ya ƙi jin sa don yana son tsarin bai yi adalci ba. Sai dai wurin da aka ga ana danne su shi ne makin hali, kuma waɗanda aka kwatanta su da su a wurin farare ne. Kujerun da suka fi yawa a hannun waɗanda karatunsu bai kai ba kuwa suna wajen 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu kuɗi da 'yan wasan kwale-kwale da takobi, wasannin da talaka ba ya ko ganinsu. Hukuncin bai taɓa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wanda aka rufe wa ƙofa shi ne jikan bawa, a jami'ar da ita da kanta ta fitar da rahoto a 2022 cewa shugabanninta da malamanta da ma'aikatanta sun mallaki bayi fiye da 70, har ta ware dala miliyan 100 don gyara.

Tsohon tsarin ma yana da laifinsa, kuma a nan ne maganar ta taɓo mu. Akwatin da ake cikewa "baƙi" kawai yake cewa, bai bambanta jikan wanda ya noma auduga a Mississippi da ɗan likitan da ya taso daga Legas ko Akara ba. Tun a 2004 malaman Harvard biyu, Lani Guinier da Henry Louis Gates, suka ja hankali cewa mafi yawan baƙaƙen ɗaliban jami'ar baƙin haure ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ko 'ya'yansu, ko 'ya'yan auren gauraye. Wani nazari da aka buga a 2007 ya samu cewa a manyan jami'o'in nan na rukunin Ivy, wanda Harvard ke cikinsa, kusan kashi 41 na baƙaƙen ɗalibai 'yan gidan baƙin haure ne, alhali a tsakanin baƙaƙen Amurka masu wannan shekaru kashi 13 ne kawai. 'Ya'yan 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka ci wannan moriya. Bashin Johnson na wasu ne, hujjar Powell ta sa aka riƙa biyan wasu. Duk wanda ya san gardamar da ake yi a Najeriya kan kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, da 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, ya san wannan tambaya: a jihar da aka ware wa kujera, ɗan wa ne yake zama a kanta?

An san abin da zai biyo baya, domin an taɓa gani. Kalifoniya ta haramta tsarin da ƙuri'ar jama'a a 1996, kuma a 1998 yawan baƙaƙen da aka ɗauka a Berkeley ya faɗi da fiye da rabi. Jami'ar Kalifoniya ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta kashe fiye da dala miliyan 500 tana neman wasu hanyoyi, ba ta cike giɓin ba. A Michigan, bayan haramcin 2006, baƙaƙe sun sauka daga kusan kashi 7 zuwa 4. Da alƙaluman shiga na 2024 suka fito, jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT ta ce baƙaƙe sun faɗi daga kashi 13 zuwa 5, 'yan Asiya sun tashi daga 40 zuwa 47. A Kwalejin Amherst baƙaƙe sun faɗi daga 11 zuwa 3. A Harvard daga 18 zuwa 14, 'yan Asiya kuma suka tsaya a 37 inda suke. A Yale baƙaƙe ba su motsa daga 14 ba, 'yan Asiya ne ma suka ragu daga 30 zuwa 24, abin da ya sa Blum ya aika mata wasiƙar gargaɗi, ita da Princeton da Duke. Ɗalibai da yawa kuma sun daina bayyana launinsu, don haka alƙaluman suna da ramuka. Ta ɓangaren ƙofar baya, Virginia da Maryland da Kalifoniya sun yi dokoki a 2024 da suka hana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Harvard ta ɗauki ɗaliban wannan shekarar da nata fifikon yana nan.

Roberts ya bar taga ɗaya a ƙarshen hukuncinsa. Ya ce babu abin da ya hana jami'a ta saurari yaron da ya ba da labarin yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, ko ta hanyar wariya ko ta zaburarwa, muddin za a saka masa ne don jarumtaka ko jajircewar da shi kansa ya nuna. Ya kuma yi kashedi kada a bi ta nan a dawo da abin da aka hana. Cikin 'yan makonni Harvard ta sauya tambayoyin da masu nema ke amsawa, ta sa wadda ke neman yaro ya bayyana abin da ya gani a rayuwa da ya mayar da shi yadda yake. Yanzu yarinya 'yar shekara 17 a wata unguwar Chicago za ta zauna gaban kwamfuta ta yanke shawara ko za ta rubuta ranar da aka tare yayanta a hanya, a cikin kalmomi ƙididdigaggu, ga mutanen da ba ta taɓa gani ba. Wanda zai karanta ba zai ga akwatin launinta ba, an rufe masa shi. Zai karanta labarin, ya auna jarumtakarta, ya rubuta lamba tsakanin 1 da 6 a gurbin hali, gurbin nan da aka yi shekara tara ana shari'a a kansa.